Aron Magani

Da murfin tukunya na fara ganin Amarya tana fifita, a kan matakalar bene, da sassafe, ranar da ni sai da na sa rigar sanyi kafin na fito. Gumi yana bin wuyanta yana gangarawa cikin riga. Na tsaya da bokitina a hannu na ce, "Amarya, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Goggo. Zafi ne."

Na dubi sama, na dube ta. Na dai ajiye abin a raina.

Amarya makitsiya ce, a tsakar gida take aikinta, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da famfo. Ta daɗe da aure har ya kamata a daina ce mata Amarya, sai dai a gidan hayarmu suna idan ya kama mutum ba ya saki. Ƙanwata da muke ɗaki ɗaya furfura ta cinye mata kai, har yau Auta ake ce mata. Ni kuwa Goggon kowa ce, har mai gidan da ya girme ni. Mijin Amarya direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa kafin ya yi ƙwari. Kowa a gidan ya san wannan, kada a tambaye ni ta yaya.

To, na sa mata ido. Na ga ta kawar da kai da ake suyar albasa. Na ga ta jingina da bango tsakiyar kitso tana maida numfashi. Na kuma lura an daɗe ban ga ta yi fashin salla ba. Na haɗa wannan da wancan, sai na ji abin ya cika mini baki. Matar mai gyaran wuta kaɗai na gaya wa, a bakin famfo, na kuma ja mata kunne kada ta gaya wa kowa. Kafin wankina ya bushe a igiya har hawa na uku an ji.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, irin wannan gumin yana ɗakina, a kan gadon da ke kusa da nawa. Bara aka yi wa Auta aiki a nono, ciwon daji, aka cire ƙullutun, aka ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum, wai shekaru za ta yi tana sha. Tun da ta fara take tashi zumbur tana yaye zane tana cewa wuta ta kama ta. Ni ke raka ta asibiti duk wata, ba don ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba, sai don babu inda ake samun labari kamar bencin jiran likita. Amma ban taɓa haɗa gumin tsohuwa da na yarinya ba. Wa zai haɗa?

Direba ya dawo wata rana da yamma. Tun daga shagon bakin ƙofa maza suka tare shi, "Barka, barka! Allah ya raba lafiya!" Ina daga taga ina kallo. Ya tsaya sororo, sannan ya washe baki, ya koma shagon ya sayo ledar lemo da madara, ya hau bene yana tsallake matakala kamar yaro. Ƙofa ta rufe. Na kashe rediyo. Ban ji komai ba. Can sai ga shi ya sauko a hankali, ya ɗebi ruwa a famfo ya fita ya kama wanke motar da ba ta da datti.

Ba a jima ba Amarya ta ɗaga labulenmu, ba sallama.

"Goggo, ke kika yi mini cikin nan?"

"Ni? Ni dai na ce na ga alama."

"Alamar me?"

"Gumi. Tashin zuciya. Ga salla ba fashi."

"Har sallata kike ƙirgawa?"

"Ba ƙirgawa nake ba, 'yar nan, ido ne ba ya rufuwa."

Na zaci za ta zage ni, na ma shirya abin da zan mayar. Sai ta zauna a bakin gadon Auta ta ce, "Inna Auta, gaya mata. Ni na gaji."

Auta ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Ashe akwai wani wata da gwiwata ta kumbura ban raka ta asibiti ba. Zuwa ɗaya tak na rasa, kuma ranar aka yi abin! Ta fito daga ɗakin likita ta tarar da Amarya a benci, ta rufe fuska da mayafi. Ita ma ƙullutu ne a nono. An tsakuri naman da allura an gwada, an ce ciwon daji ne, an ce sai an fara da ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, sannan a yi aiki. Amarya ta ce a ba ta ƙwaya kamar sauran mata, aka ce irin nata ba na ƙwaya ba ne. Da ta fito, wata mata a layi ta ce mata ruwan nan yana ƙone ƙwan mace ƙurmus, wadda aka sa wa ta yi sallama da haihuwa. Amarya ta kashe wayarta, ba ta sake komawa ba. Miji kuwa ta ce masa ƙurji ne, ana magani.

"Sai na ga ciwo ɗaya ne," in ji Auta. "Wuri ɗaya, har gefen ma ɗaya, na hagu. Ga ni na samu sauƙi. Sai muka raba, yau ni, gobe ita."

Kada wani ya ce Auta wawiya ce. A gidanmu magani abin aro ne, kamar gishiri ko ashana. Akwai gwangwanin madara a kan tagar kicin na ƙasa, duk wanda ya warke ya zuba ragowar nasa a ciki, wanda ya kamu ya zo ya zaɓa. Da launi ake nema. "Goggo, akwai jan nan na ciwon baya?" Mai gyaran wuta ya taɓa shan maganin ciwon marar matarsa ya ce bai taɓa jin daɗin ƙafarsa haka ba. A wurinmu mai hana magani ya fi mai hana abinci rowa.

Suka sa ni na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na rantse.

Ban san ɗaukar magana a ciki yana da nauyi haka ba. Na share ɗaki, na sake sharewa. Na sauka famfo da bokiti, na tarar a cike yake. Matar mai gyaran wuta ta tare ni, "Goggo, wai ashe ba ciki ba ne? To mene ne?" Na ce kumburin ciki ne, na wuce da sauri kafin bakina ya ci amanata. Na je kasuwa na dawo ban sayi komai ba. Na zauna, na tashi. In na leƙa ta taga sai in ga Amarya a rumfa tana kitso, tana ɗaga hannun hagu da kyar, tana dariya da mai kai kamar babu komai. In na juyo sai in ga Auta tana ɓallo ƙwaya daga takarda tana naɗewa a gefen zane za ta kai mata.

Gaskiya ban ga laifin rabon ba a lokacin. Abin da ya dame ni kawai, ƙanwata tana shan rabi, yarinya tana shan rabi, babu wadda ta ƙoshi. Sai dabara ta zo mini. Tun da magani yana aiki, ga gumi shaida, me zai hana a samo kwali biyu? Ni da na saba roƙon ƙari wurin mai tumatur, likita ce za ta gagare ni?

Ranar zuwan Auta asibiti na riga ta shiryawa. A benci wata mata tana ba da labarin yadda surukinta ya sayar da firjin gida, amma ko rabi ban ji ba, ina ta bitar abin da zan ce.

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu, tabarau a rataye a wuya, kofin shayi a gefe da ya huce tun safe. Ta taɓa yi mana bayanin ƙwayar tun farko, amma ranar kunnena yana bayan labule, inda wata ke faɗa da uwar mijinta. Ta duba Auta, ta latsa nan ta latsa can, ta zauna tana rubutu.

Na gyara murya. "Likita, wai ba a ƙara wa mutum ƙwayar nan? Kwali biyu, misali."

"Ta ƙare ne kafin lokaci?"

"A'a. Don ajiya dai."

"Mama, wannan ba a ajiyarta."

"To, idan mutum yana da maƙwabciya, misali, mai irin ciwon..."

Auta ta taka mini ƙafa, daidai kan yatsan da ke ciwo. Na ce, "Wash!" Likita ta ajiye biro. Ta dubi Auta, ta dube ni, ta sake duban Auta.

"Mama, kullum kike shan maganinki?"

Auta ba ta iya ƙarya ba tun tana yarinya. Ni nake yi mata, kuma ranar ta ƙwace mini. Ta ce, "Rana ɗaya ni, rana ɗaya ita."

"Ita an duba ta a asibiti?"

"An duba ta. Ƙarin ruwa aka ce."

"Tun yaushe kuke haka?"

"An kwana biyu."

Likita ta cire tabarau ta murza idanunta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙa hannu ta ciro kwaɗon da ke jikin durowarta ta ajiye a tebur.

"Jikin mace yana yin wani sinadari. Shi ke kawo al'ada, shi ke shirya mahaifa ta karɓi ciki. Yana yawo a jini kamar makulli, duk inda ya sami kafar da ta dace da shi sai ya shiga ya buɗe."

Na ce, "Auta ai ta daina al'ada tun kafin a haife ki."

"Ko ta daina, jiki bai bar yinsa gaba ɗaya ba. Ƙullutun da aka cire mata mun gwada shi, cike yake da irin wannan kafar. Sinadarin na shiga, ciwon na girma. Ita ƙwayar nan makullin bogi ce. Tana shiga kafar ta zauna, ba ta buɗewa, ba ta kuma barin na gaskiya ya shiga."

"Kamar makulli ya karye a ciki."

"Haka, Mama. To, akwai ciwon da ba shi da kafar ko ɗaya. Wuri ɗaya, kama ɗaya, amma ba da wannan sinadarin yake rayuwa ba. Shi ya sa muke gwada naman kowa kafin mu rubuta magani. Mai irin wannan, ki ba ta kwali goma, ƙwayar za ta je mahaifarta, ta sa ta gumi, ta rikita mata al'ada, amma ciwon ko sannu ba za ta ce masa ba. Kuma irinsa ya fi sauri."

 

"Idan kuma ciki ya shiga tana shan ta, za ta iya illata jaririn," in ji likita. Ta juya ga Auta. "Ke kuma, Mama, rabin maganinki kike sha, kin bar wa ciwon hanya. Daga yau kullum. Ko uwarki ce ta roƙa."

Auta ta fara share ido da gefen mayafi. Na ce, "Likita, haihuwa take tsoro. An ce mata ruwan yana ƙone ƙwai."

"Yana iya taɓa shi, ba ƙarya ba ne. Amma akwai allurar da ake yi wa masu ƙuruciya kafin a fara, tana sa ƙwan ya yi barci har a gama. Ba alkawari nake yi ba, wasu suna haihuwa bayan haka, wasu ba sa yi. Me ya sa ba ta tambaye mu ba?"

"Layi ta tambaya."

Ta mayar da kwaɗon jikin durowa. "Ku kawo ta. Ba wata mai zuwa ba, Mama. Cikin makon nan."

A mota Auta ta juya mini ƙeya. Sai da muka kusa sauka ta ce, "Rantsuwa fa kika yi, Yaya."

"Na ambaci sunanta? Ke kika zazzage buhun."

"Ke kika kwance bakinsa."

 Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni na riƙe ta a gida duk watannin nan. Da hannuna."



Mun tarar da Amarya tana tsakiyar yi wa wata ma'aikaciyar banki kitso, irin ƙanana ɗin nan da ba sa ƙarewa. Na zauna a turmi. Na tashi na wanke kofin da ba nawa ba. Na dawo na ce wa matar, "Wannan kan naki ai ya yi kyau haka, rabi a tsefe shi ake yayi." Ta harare ni ta madubi. Na zagaya tsakar gida, na hau bene na sauko. Da kyar aka ɗaure jelar ƙarshe, ta biya ta tafi tana ƙamshi.

Muka ja Amarya ɗakinmu. Ni na ɗauki maganar. Na cire kwaɗon akwatina na yi mata bayani yadda na ji, da makulli da kafa da duk abin. Ta saurara tana tsince gashin da ya maƙale a matsefi.

"Amma ina jin aikinta a jikina, Goggo. Kin ga gumin da idonki."

"Jikinki ne ke ji. Shi ciwon bai san kina sha ba."

"Kin kai ni gaban likita ke nan."

"Ban kai ki ba. Ƙari na je roƙo miki, sai aka kama ni."

"Inna Auta, ki ba ni ta yau."

Auta ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Ba zan ƙara ba, 'yata. Ki yafe mini."

Amarya ta miƙe. "To shi ke nan, ku bar ni da Allah. Ba za a sa mini ruwan nan ba. Biyu na rasa, Goggo, biyu. Kin ga yadda ya hau benen nan da ledar lemo? Har yau tana ƙarƙashin gado, ya kasa sha, ya kasa zubarwa. In je in ce masa ba yanzu ba, ba kuma har abada ba?"

Na gaya mata batun allurar da ke sa ƙwai barci.

"Ta ce tabbas zan haihu?"

Bakina ya so ya ce tabbas. Ƙarya ɗaya ce, na yi dubunta a kan abin da bai kai wannan ba. Amma ta tsare ni da ido, sai na ce, "Ba ta ce ba. Ta ce wasu suna yi, wasu ba sa yi."

"Kin ji ko."

"Na ji. Na kuma ji abin da ba ta faɗa ba. Wadda ke kabari ba ta cikin wasu ɗin, ko na farko ko na biyu."

Auta ta ce, "Yaya!"

"Bar ni. Amarya, saurara. Ba ni da ƙarfin da zan ɗauke ki in kai ki, ba ni da ikon uwa a kanki. Baki kawai gare ni, kin kuma ga aikinsa. Mijinki yana waje yana ɗaure taya, jibi zai tafi. Ko ki gaya masa, ko in gaya masa. In na gama da shi in kira mahaifiyarki, ina da lambar. In na gama da ita in sauka famfo."

"Kin rantse!"

"Na rantse. Azumin kaffara ba zai kashe ni ba, na ma yi ƙiba."

Ta dube ni kamar ta shaƙe ni. "Wallahi, Goggo, ke annoba ce."

"An sha gaya mini."

Ta juya za ta fita, ta kama labule, sai ta tsaya.  Sannan ta dawo ta kama hannuna, ta zura shi ta gefen rigarta, ba kan nonon ba, can cikin hammata. Na ji wani abu mai tauri, kamar ƙwallon dabino, yana gudu ƙarƙashin yatsana.

"Wannan babu shi a da," in ji ta, muryarta ƙasa ƙasa. "Na zaci maganin ne ke koro ciwon waje."

Na zare hannuna.  Na ce, "Je ki kira shi."

Ita ta sauka da kanta ta kira shi daga ƙarƙashin mota. Suka hau, hannunsa duk baƙin mai. Ƙofa ta rufe. Na zauna a matakala, daidai inda in na karkata kai zan iya jiyo ɗakinsu. Ban karkata ba. To, na ɗan karkata, amma ban ji komai ba, sai ƙarar rediyon wani da kukan yaro a hawa na uku. Matar mai gyaran wuta ta zo wucewa ta ce me nake jira, na ce iska nake sha. Ƙafata ta yi tsami, na sauya zama. Aka kira salla, aka idar. Na fara tunanin ko ta sake ce masa ƙurji ne, ko shi ma zai ce a bar wa Allah, ko zai ce a gwada wani mai magani da ya sani a hanya, don direbobi ba sa rasa irin wannan.

Ya fito idanunsa jawur. Ya tsaya a kaina. Na shirya shan zagi.

"Goggo, wace ƙofa ake shiga a asibitin?"

"Ta gefen masu sayar da katin waya. Amma jibi ai kana hanya."

"Wani ya kai kayan." Ya goge hanci da bayan hannu, ya bar baƙin mai a fuska. "Ke kika sa na sayi lemo."

"Ni ce."

"Ki shirya da wuri. Ba ta son shiga ita kaɗai, ni kuma in na ga allura jiri nake yi."

Ba a sa mata ruwan ranar ba, sai da aka sake gwaje-gwaje. Hoton ƙirji, hoton ciki, jini, har da gwajin ciki, wanda nas ta kawo sakamakonsa ta ce babu, Amarya ta harare ni. Kwanakin jiran sakamako ban san yadda suka wuce ba. Direba ya gyara duk ƙofar da ke ƙara a gidan, ya gama ya kama famfo. Auta tana shan ƙwayarta a gabana kowace safiya, tana buɗe baki in gani, ba ta kuma yi mini magana sai ta kama. Amarya ta daina karɓar kitso. Sau ɗaya na gan ta da jaka a hannu tana duban ƙofar gida, na sauko da gudu ba takalmi, ashe shara za ta zubar.

Ranar sakamako likita ta zaunar da mu, ni da Amarya da mijinta. Ba ta tambayi inda Amarya ta shiga duk watannin nan ba. Ta ce ƙullutun ya ƙaru, ya kai hammata, amma huhu da hanta da sauran wurare ba a ga komai ba. Ta ce aikin ya fi wanda da an zo da wuri za a yi, amma ana yin sa.

Amarya ta ce, "Allurar fa?"

"Yau za a yi miki, a fatar ciki. Ruwan kuma sati mai zuwa, in ta fara aiki."

"In an gama, ƙwan zai farka?"

"Muna fata. Shekarunki suna taimakonki. Ba zan ce miki fiye da haka ba."

Amarya ta dubi mijinta. Shi yana kallon takalminsa. Ya ce, "Ni ke na aura." Sai ya tashi ya ce zai je ya duba inda ya ajiye mota, alhali da ta haya muka zo.

Ɗakin ƙarin ruwa dogo ne, kujeru masu kwanciya a jere, kowace da sandarta da leda a rataye. Wasu matan suna barci, wata tana cin burodi da hannu ɗaya, wata tana faɗa da ɗanta a waya kan kuɗin wuta. Direba ya kai bakin ƙofa, ya hango tiren allurai, ya koma benci ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Nas ta ce mutum ɗaya ake bari ya shiga da mara lafiya.

"Ke ce mahaifiyarta?"

Amarya ta riga ni. "Allah ya kiyaye. Maƙwabciya ce."

Ta zauna. Nas ta ɗaure mata dantsen dama da roba tana bubbuga bayan hannun tana neman jijiya. Na ga Amarya ta zame ƙafa ta sauko da ita ƙasa, tana laluben takalmi. Na matsa da kujerata na tare hanya, na sa jakata a kan cinyarta.

"Riƙe mini wannan."

Ta riƙe. Allura ta shiga. Nas ta manna filasta, ta murɗa ɗan abin da ke jikin robar, ruwan ya fara ɗiga, ja kamar an jiƙa jan ƙyalle. Muka bi shi da ido yana saukowa a hankali har ya kai hannunta ya shige.

Ta ja numfashi. "Goggo."

"Na'am."

"Sanyi gare shi. Yana hawa hannuna."

Na nemi nas, ashe ta tafi wata kujerar. Na yaye mayafina na lulluɓa mata daga kafaɗa har yatsu, na danne gefen da tafin hannuna don kada ya zame.